Baƙo, Iyaka da Ƙuri'a: Rabuwar Kan 'Yan Mazan Jiya a Zaɓen Shugaban Ƙasa, Daga Mahangar Samaru da Sabon Garin Zariya

Gabatarwa



Duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato a Nijeriya, aka kuma yi rashin sa'a ya faɗo a lokacin matsin tattalin arziki, sai ka ji tambayoyi uku sun taso a tare: wa ya cancanci ya shigo ƙasar nan ya zauna, wane kaya za a bari ya ƙetaro iyaka, kuma wane ne ɗan ƙasa na ainihi. Waɗanda suka fi ɗaga murya wajen amsa su, su ne ake wa laƙabi da 'yan mazan jiya, masu da'awar riƙo da abin da aka gada. To amma wannan sansani kansa a rabe yake. Akwai ɓangaren attajirai da fatake da sarakuna da malamai, waɗanda arziki da martabarsu suka ginu a kan zirga-zirgar mutane da kaya. Akwai kuma ɓangaren masu kishin ƙasa irin na hukuma, waɗanda ke ganin iyaka ƙofar gida ce, a datse ta a huta. Hujjar da wannan maƙala za ta kafa ita ce, a ƙasar Hausa ɓangare na farko ne ke riƙe da gado na gaskiya. Korar baƙi da toshe iyaka kuwa dabara ce da aka koya daga Turawan mulkin mallaka, an gwada ta a 1983, an sake a 1984, an maimaita a 2019, kuma ba ta taɓa biyan buƙatar da aka ce za ta biya ba. Na zaɓi in dubi lamarin daga Samaru da Sabon Garin Zariya ne domin garuruwa ne biyu da baƙi suka raya, kuma duk dokar da aka zartar a Legas ko Abuja a kan baƙo da kaya, a kasuwanninsu ake ganin abin da ta haifa.

Ba a kanmu aka fara wannan rabuwar kai ba. A Amurka, jam'iyyar Republican ta daɗe tana taƙama da ciniki ba shinge. Ronald Reagan ne ya sa hannu a dokar 1986 da ta halatta zaman baƙin haure kusan miliyan uku, George Bush babba kuma shi ya ƙulla yarjejeniyar NAFTA da Kanada da Meziko a 1992. A zaɓen 2016 sai ga Donald Trump ya fito daga cikin jam'iyyar yana alkawarin gina katanga a iyakar Meziko, yana sukar NAFTA, ya kuma janye ƙasarsa daga yarjejeniyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik a Janairun 2017. Amfanin ambaton wannan shi ne a lura da bambanci guda. A can, ana gwama ma'aikacin masana'anta da ya rasa aiki ne da baƙon da ya zo da wani harshe daga wata uwa duniya. A nan kuwa baƙon da ake magana a kansa sau da yawa Bakatsinen Maraɗi ne, ko Badamagare, ko Bagobirin Tsibiri, wanda harshe da alƙibla da kakanninsa ɗaya ne da na mai neman korar sa. Hujjar da aka aro daga Amurka ba za ta kama ƙasa a Jibiya ko Illela ba.

Abin da aka gada, da abin da aka ƙaƙaba

Mu fara da birnin Zazzau. Gidaje huɗu ne ke riƙe da sarautar Zazzau tun bayan jihadi, kamar yadda M. G. Smith ya fayyace a littafinsa na 1960: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga wurin Shehu, asalinsa mutumin Malle ne. Yamusa da ya gaje shi daga Barno zuriyarsa ta fito. Abdulkarim kuma daga ƙasar Katsina. Babu wata hukuma a lardin nan da ta kai sarauta tsayawa a kan gado, amma ga gidajenta nan suna amsa sunayen wuraren da kakanninsu suka baro, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar haka abin kunya. A Kano, Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa duk cikin ganuwa suke. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya nuna su ne ƙashin bayan fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19, zuwa suka yi, da tafiya ta yi tafiya suka zama Hausawa. Kuma kada a zaci sakaka aka bar al'amarin. Baƙon ɗan kasuwa yana da fatoma, mai masaukin da ke ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta kai gaban alƙali. Akwai sarkin zango, akwai madugu mai amsa sunan ayari, akwai kuɗin fito da ake biya a ƙasar kowane sarki. An san wanda ya shigo, an san mai lamuninsa, an karɓi haraji a kan kayansa. Abin da babu shi ne tunanin cewa zaman lafiyar gari sai an killace baƙo ko an kore shi.

Sabon Gari ne ya zo da wannan tunani. Da layin dogo daga Baro ya iso Zariya a 1911, Turawa suka buƙaci akawuna da ma'aikatan jirgi da magina da wakilan kamfanonin sayen auduga da gyaɗa, suka ɗebo su daga Kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Maimakon a bar su su nemi masauki a birni kamar yadda aka saba, sai aka yanka musu fili dabam kusa da tasha, aka shata layuka, aka raba fulotai. Daga baya aka ware Tudun Wada don 'yan Arewa da ba Zazzagawa ba, su kuma Turawa suka keɓe kansu a Bariki. Gari ɗaya ya koma huɗu, kowanne da irin mutanen da hukuma ta ce su zauna a cikinsa. Manufar a fili take: kada 'yan bokon Kudu su cuɗanya da talakawan sarki su koya musu ƙorafi. Ita kanta iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta tsaga Gobir gida biyu, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, a kan teburin Ingila da Faransa aka zana ta, cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Duk mai cewa yana kare gadon kakanni ta hanyar tsare wannan layi, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa kakannin wa.

Samaru kuma a kan tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 ta tashi, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a Oktoban 1962. Malamai daga Indiya da Pakistan da Gana da Yuganda da Birtaniya da tsibiran Karebiyan ne suka taimaka wajen yaye ƙarnin farko na 'yan bokon Arewa. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan Nijeriya, shi ya kafa sashen tarihin da ya koya mana mu karanta tarihinmu da idonmu. A wannan gari ne kuma gwamnatin Babangida ta sa aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan Jamaika, aka fitar da shi daga ƙasar a 1988, bayan ya shafe shekaru yana koyarwa, saboda bakinsa ya dami masu mulki.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa 'yan mazan jiyan Arewa na zamanin jam'iyyar NPC sun ɗauki wani abu daga wannan rarrabewa. Manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati da aka soma a shekarun 1950 tana da dalilinta, domin ratar ilmin boko tsakanin Arewa da Kudu gaskiya ce ba ƙage ba. Amma mun ga inda tsoron baƙo ke kaiwa idan ya kuɓuce. A Mayun 1966, bayan Doka ta 34 ta Janar Ironsi, zanga-zangar da ɗalibai suka fara a Samaru ta rikiɗe, aka yi kashe-kashe a sabon-garuruwan Arewa har da na Zariya, aka sake yin wanda ya fi shi muni a Satumba da Oktoba. Waɗanda aka kashe ba daga wata ƙasa suka zo ba. Da zarar an koya wa jama'a cewa baƙo ne sanadin wahalarsu, babu mai iya tsayar da wannan suna a bakin iyaka. Zai shigo ciki ya hau kan maƙwabci. Mu ma mun ɗanɗana, a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021.

Gwajin 1983

NPN, jam'iyyar gida da masara, ita ce magajiyar NPC, kuma a cikinta ɓangarorin biyu da na ambata suka zauna inuwa ɗaya. Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a Oktoban 1979, watanni kaɗan bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Nijeriya ce kan gaba wajen kafa ƙungiyar a Legas a 1975. Kuɗin mai ya jawo mutane daga ko'ina: 'yan Gana suna koyarwa, suna ɗinki da gini da gyaran takalmi, 'yan Nijar da Chadi suna gadi da ga-ruwa da dako. Muddin gangar mai na da daraja, ba wanda ya ce uffan. Alamar farko ta cewa za a mayar da zancen asali makamin siyasa ta bayyana a Janairun 1980, lokacin da aka kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi bisa zargin ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta ce a biya shi diyya. Laifinsa na zahiri adawa ce.

Daga 1981 farashin mai ya fara zamewa. A Afrilun 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, masana'antu suka rasa kuɗin waje na sayo kayan aiki suka shiga sallamar ma'aikata, shinkafa da madara da sabulu suka zama abin bin layi, lasin shigo da kaya ya zama abin rabo tsakanin 'yan jam'iyya. A cikin wannan hali, ga zaɓe saura wata bakwai, ministan harkokin cikin gida Alhaji Ali Baba ya fito ranar 17 ga Janairun 1983 ya ba duk baƙon da ba shi da takardu mako biyu ya bar ƙasar. An ɗan ƙara wa masu sana'o'in hannu wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. Jakar leda mai ratsin ja da shuɗi da suka cusa kayansu a ciki, har gobe a kasuwar Sabon Gari da sunan gana-mas-go ake sayar da ita, ɗalibai na zuba littattafai, 'yan ci-rani na zuba tsummokaransu. Ranar 6 ga Agusta Shagari ya sake cin zaɓe da ƙuri'a kimanin miliyan 12, ranar 31 ga Disamba kuma soja suka kifar da gwamnatinsa. Ayyukan da aka ce baƙi sun tare ba su faɗo hannun 'yan ƙasa ba, domin abin da ya rufe masana'antu rashin kuɗin waje ne, kuma korar mai gadi ba ta ƙara wa gangar mai ko sisi. Wasu sun kira abin ramuwar gayya, saboda gwamnatin Busia ta kori Yarabawa da Hausawan zango daga Gana a Nuwamban 1969. Da an tsaya an duba, da an ga cewa tattalin arzikin Gana bai farfaɗo ba bayan waccan kora, shi kansa Busia soja suka tumɓuke shi a Janairun 1972.

Hujja mafi ƙarfi da aka bayar a lokacin ita ce ta tsaro. Muhammadu Marwa Maitatsine daga Kamaru ya zo, kuma rikicinsa na Disamban 1980 a Kano ya ci rayuka fiye da dubu huɗu a ƙidayar hukuma. An sake yi a Bulunkutu da Rigasa a Oktoban 1982. To amma nazarin masana irin su Paul Lubeck ya nuna ƙarfin ƙungiyar gardawa ne da matasan ƙauyukanmu da birni ya haɗiye bai ba su komai ba. Tarihi ma ya raba gardama: bayan an kori baƙi, rikicin ya sake ɓarkewa a Jimeta a farkon 1984, sannan a Gwambe a Afrilun 1985, lokacin da iyakoki suke a garƙame. Gwamnatin Janar Buhari ce ta rufe su a Afrilun 1984 don canjin kuɗi, suka zauna a rufe har Maris ɗin 1986, ta kuma sake ba baƙi kimanin 700,000 wa'adi a 1985. Wannan ya faɗo daidai da fari mai tsanani, hatsin da aka saba kai wa arewa ya yanke, shi ya sa har yau a ƙasar Maraɗi da Damagaram ana kiran yunwar wancan lokaci El-Buhari.

Daga 2019 zuwa 2023

Zaɓen 2019 ya nuna manyan jam'iyyu biyu suna wasa da wuta ɗaya. A ƙarshen Janairu gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci gangamin Buhari a Kano, PDP ta ce an gayyato 'yan waje su tsoma baki a zaɓenmu. Da aka je gaban kotun ƙararrakin zaɓe, sai APC ta ce Atiku Abubakar ba ɗan Nijeriya ba ne ta haihuwa, tunda an haife shi a Jada a 1946, kafin ƙuri'ar raba-gardamar 1961 ta shigo da yankin cikin Nijeriya. Kotu ta yi watsi da wannan. Kafin nan an yi ta yaɗa cewa Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jibrin ɗan Sudan, har sai da ya fito a Disamban 2018 ya ƙaryata. A ƙetaren iyaka ma haka aka yi wa Bazoum Mohamed a zaɓen Nijar na 2020 zuwa 2021, aka ce ba ɗan ƙasa ba ne na asali. Maganar Shugaba Darman ce ke ta dawowa, ana sauya mata suna.

Ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar Afirka. Bayan kimanin mako shida, a Agusta, gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ta ce don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur da makamai. A Nuwamba hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13.17 cikin ɗari a Agustan 2019 zuwa kashi 19.56 a Disamban 2020. Ba zan ɗora wa rufe iyaka wannan duka ba, domin akwai annobar korona da ambaliya da 'yan bindiga da suka hana noma, amma tashin ya fara ne tun kafin korona ta iso. Wanda ya san kasuwar Sabon Gari a wancan lokaci ya san shinkafa 'yar waje ba ta ɓace ba, buhu ta sauya. A juye ta cikin buhun 'yar gida, a ɗinke baki, mai saye ya rage murya ya tambaya, mai shago ya shiga ciki ya fito da ita, da ƙarin kuɗi. Daga bakin iyaka a kan babura take shigowa, buhu uku ko huɗu a ɗaure, ta hanyoyin daji, kowane shinge da abin da ake ajiye masa. Wanda ya yi asara shi ne mai bin hanyar halal: mai kai masarar Giwa da Soba da raken Maƙarfi arewa, mai kai robobi da takalman Kano Maraɗi, mai kawo shanu da wake da dabino da kanwa. Wanda ya ci riba kuwa, ban da manyan masu injin casa, shi ne wanda dama sana'arsa ke nan. Emmanuel Grégoire ya nuna tun a shekarun 1980, a nazarinsa kan Alhazan Maraɗi, cewa dokokin hanin Nijeriya da bambancin naira da sefa su ne jarin babban ɗan sumoga.

A yaƙin neman zaɓen 2023 Atiku ya yi ta alkawarin buɗe iyakoki a jihohin Arewa maso yamma, kuma ranar 25 ga Fabrairu ya ci Katsina da Sakkwato da Kabi da Yobe, har da Kaduna, ko da yake Jigawa da Zamfara da Barno sun bi Tinubu. Ƙarancin takardun naira da rashin tsaro duk sun yi tasiri, don haka ba zan ce iyaka ce kaɗai ta juya ƙuri'a ba. Shaidar da ta fi wannan ƙarfi ta zo bayan wata biyar. Da soja suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, aka fara zancen yaƙi. Su wa suka miƙe suka ce a'a? Sanatocin Arewa ne, da sarakuna, da malamai. Khalifa Muhammadu Sanusi ya je ya gana da shugaban sojojin juyin mulkin, Janar Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi sahu. Waɗannan su ne ginshiƙan ra'ayin riƙau a Arewa, kuma da aka zo wajen gwaji, zumunci da fatauci suka zaɓa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a Maris, amma ɓarna ta riga ta auku, domin tun kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS.

Abin da masu ja za su ce

Sukar da ta fi nauyi ta manomi ce, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce tun da Babban Banki ya hana ba masu shigo da shinkafa dala a 2015, aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Kabi a Nuwamban shekarar, sannan aka rufe iyaka, noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa sun yawaita a Kano da Kabi da Jigawa, manomi ya ga kuɗi. Za a ƙara da cewa da gwamnatin Tinubu ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya faɗi a shekarar da ta biyo, manoman da suka sayi taki da tsada suka koka. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Shinkafar Tailan da Indiya da ake saukewa a Kwatano don a shigo da ita Nijeriya daban, waken Maraɗi da ragon Damagaram daban. Ta farko ana iya sa mata haraji tsayayye, wanda manomi zai san da shi kafin ya yi shuka, ɗan kasuwa kuma ya ga biyansa ya fi masa sauƙi a kan bin daji. Na biyu kuwa kayan maƙwabci ne da yarjejeniyar ECOWAS ta halatta, kuma manomin Giwa yana buƙatar kasuwar wannan maƙwabci kamar yadda maƙwabcin ke buƙatar tasa. Abin da ke kashe manomi shi ne yau a rufe ruf, gobe a buɗe wangwam, ba sanarwa ba shawara.

Mun kuma ga iyakar abin da hani ke iya yi idan babu abin da ke tallafe da shi. An hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, ƙasar ba ta ciyar da kanta da alkama ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a nan Samaru, sun riga sun bayyana tarkon tun a 1985. Masakun Kaduna, waɗanda audugar lardin Zazzau da Katsina ke ciyarwa tun kafa na farko a 1957, sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, babbarsu UNTL ta rufe a 2007, a lokacin da dokar hana shigo da atamfa ke aiki. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsofaffin injina da rushe hukumar auduga a 1986 su suka kayar da su, atamfar Sin da ke biyowa ta Nijar ta zo ta tarar da su a ƙasa. Cibiyar Samaru ta fitar da irin auduga na SAMCOT da masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA. Da an kashe rabin ƙarfin da aka kashe a shingaye wajen kai waɗannan ga manomi tare da taki da ruwan rani da hanyar da zai bi lafiya zuwa gonarsa, da kariyar ta fi ƙarko.

A kan tsaro, gaskiya ne makamai sun kwararo daga Libiya bayan 2011, kuma ƙasa na da haƙƙin sanin mai shiga da mai fita. Amma mai ɗauke da bindiga ba ya bi ta ofishin shige-da-fice na Jibiya. Rufe ƙofar hukuma yana tura mai tumatir da mai makami su bi hanya ɗaya a daji, ya kuma ɓata wa mutanen bakin iyaka rai, alhali su ne idon jami'an tsaro. A watanni goma sha shida da iyaka take a rufe ta'addancin 'yan bindiga bai lafa ba. Ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 aka sace su, kwanaki kaɗan kafin a buɗe. Batun baƙi masu jefa ƙuri'a kuwa, katunan da hukumar shige-da-fice ta ce ta ƙwace daga hannun baƙi gabanin zaɓen 2023 'yan dubbai ne, a cikin masu rajista fiye da miliyan 93. Laifi ne, a hukunta mai yi da jami'in da ya yi masa rajista. Bai kai dalilin da za a zargi mai shayi da mai ga-ruwan Samaru a jimlace ba.

Saboda haka hukuncina shi ne, ɗan takarar da ya yi alkawarin korar baƙi ko datse iyaka ba gadon Zazzau ko na Kano yake karewa ba, kuma bai kamata masu ra'ayin riƙau su bar masa wannan suna ba. Ina roƙon 'yan'uwana na sassan tattalin arziki da tarihi da cibiyar binciken aikin gona su haɗa hannu da shugabannin kasuwar Sabon Gari da ta Samaru da ta Giwa, a tattara farashi da nauyin kayan da suka fita da waɗanda suka shigo daga 2019 zuwa yau, a buga da Hausa kafin zaɓe mai zuwa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a Zariya, a ajiye masa wannan lissafi a gabansa, a tambaye shi nawa zai sa wa shinkafar waje haraji, shekara nawa harajin zai tsaya bai motsa ba, kuma wace takarda ɗan Maraɗi zai nuna a Jibiya ya wuce da wakensa ba tare da ya ba kowa cin hanci ba.